Ƙwan da Ya Faɗo Cikin Audugar Tasalla

Wata ranar Laraba da hantsi, sama tas, ko ɗigon gajimare babu, ƙwai ya faɗo daga sama ya sauka cikin faifan audugar wata tsohuwa. Sunanta Tasalla, a ƙauyen Ɗorawa Uku take, can bakin dajin da maharba ma ba su cika son kutsawa ba. Tana zaune gindin rumbu tana kaɗi sai ta ji tim! Ta ɗaga kai, babu kowa. Ta duba faifai, ga ƙwai ya nutse cikin auduga, ko tsagewa bai yi ba. Ya fi na agwagwa girma, fari fat, da ɗuminsa kamar yanzu aka tashi daga kansa.

Da wata ce, da ta watsar da mazari ta fita da ihu. Tasalla kuwa ba a banza ake kiranta uwar kaji ba. Mijinta marini ne, ya rasu ya bar mata tukunyar shuni da gida shiru. 'Ya'ya uku ta haifa, duka ukun ta binne tun suna goye. Duk son da ta tara a ƙirji bai sami wurin zuba ba sai kan kaji, kuma wallahi kajin sun sha shi. Ta ɗauki ƙwan da hannu biyu ta nufi akurki, inda kazarta Kwalliya take kwanci.

Ta ce, "Ke dai rufa mana asiri, Kwalliya, ki haɗa da wannan. Maraya ne."

Ranar ƙyanƙyasa 'yan tsaki tara suka fito, na goman ya fito daga baya, fari sol, da manyan idanu, da ɗan baki a lanƙwashe. Ko kallon kazar bai yi ba, tafin hannun Tasalla ya hau ya kwanta. Nan take zuciyarta ta narke. Ta raɗa masa suna Tsintau.

To, a ƙauyen nan akwai abin da aka saba. In kaza ta yi ƙyanƙyasa, sai a zubo 'yan tsakin cikin ƙwarya a kawo wa Tasalla, ta tsoma su ɗaya bayan ɗaya cikin ruwan shuni, su fito shuɗaye. In shirwa ta leƙo daga sama ba ta gane su, sai ta yi gaba. Haka ta yi wa 'ya'yan Kwalliya, haka ta yi wa Tsintau. Shi har sau biyu ta tsoma shi, don farinsa ya yi yawa.

Da yamma ƙanen mijinta Jatau, wanda shi ne Sarkin Bakan ƙauyen, ya shigo gaisuwa. Ya tsuguna ya ƙare wa Tsintau kallo, ya girgiza kai.

Ya ce, "Matar Yaya, wannan fa ba ɗan kaza ba ne. Dubi bakin, dubi faratan. Ranar da ya girma ya ɗauki ɗan tsakon wani, ni za a kira in harbe shi."

Ta ce, "Bakinsa ne kawai ya ɗan karkace. Kai naka a miƙe yake? Tashi ka ba ni wuri, Sarkin Baka, kada ka sa masa ido."

Jatau ya fita yana dariya, amma ita ba ta yi dariya ba.

Tun daga ranar wata farar shirwa ta fara zuwa bisa gidan. Babba ce, ba a taɓa ganin irinta ba. Ba ta ɗaukar komai, shawagi kawai take yi tun hantsi har la'asar, tana wani siririn kuka. Da inuwarta ta gitta, Kwalliya za ta yi ƙara, 'yan tsaki su kwasa a guje su shige ƙarƙashin rumbu, Tsintau a gaba, don ya fi kowa iya darasin. Tasalla kuma ta fito da tsohon kwano da muciya tana ta bugu har shirwar ta yi sama. Ta cika gindin danga da ƙaya saboda muzuru, ta toshe kowane rami, ta riƙa fita tun da sassafe tana tono gara don Tsintau, saboda ya fi son ta a kan gero. Duk inda ta sa ƙafa yana biye da ita. In ta zauna kaɗi, cikin zaninta yake barci.

Ana nan, kwana arba'in, sai sabon gashi ya fara tsiro masa a ka, fari. Tasalla ta gani. Ta ce gobe ta sake rina shi, yau akwai gaisuwar rasuwa a maƙwabta, ba ta shiga mutane da hannu shuɗi. Assha, goben nan! Tana dawowa, ƙafarta ɗaya cikin zaure, ta ga farar shirwa ta sauko kamar an jefo dutse, ta sure Tsintau a tsakar gida ta yi sama. Yana kuka, tana kuka, tana bin su da gudu har bayan gari, har suka zama ɗigo suka ɓace ta gabas.

Ba ta koma gida ba, ƙofar Jatau ta tsaya. "Sarkin Baka, ina shirwa take kwana?"

Ya ce, "Irin waccan, sai Dutsen Shawagi. Kakana ya ce ba a zuwa, wanda ya je kuma ba ya dawowa. Matar Yaya, don Allah ki yi haƙuri, gobe in kawo miki 'yan tsaki goma."

Ta ce, "Goma ba su san hannuna ba. Ka kula mini da Kwalliya."

Da gari ya waye ta ƙulle gero da gara a bakin zani, ta ɗauki kwandon da za ta sako shi a ciki, ta sa ƙaramar tukunyar shuni don ta rina shi kafin su kamo hanya, ta dogara sandarta ta shiga daji.

Ta yi ta tafiya kwana da kwanaki har itatuwa suka daina kama da waɗanda ta sani. Ganyensu ya koma ƙasa, saiwoyinsu suna sama. A nan ta tarar da Muzuru zaune kan kututture a tsakiyar hanya. Ya kai jaki girma, ya naɗe wutsiya a gabansa.

Ta ce, "Salamu alaikum, mai wannan hanya."

Ya ce, "Wa alaikumus salam, ya ke 'yar Adam. Na san ki. Ke ce kika cika mini gindin danga da ƙaya, har yau in an yi sanyi ina jin ta a ƙafa. Ba mai wucewa nan sai ya amsa tambaya ɗaya, in ya yi ƙarya in cinye shi. Tsakanina da ke, wa ya fi cin kaji?"

Tasalla ta fara lissafi. Ta tuna bukukuwan salla, ta tuna baƙi, ta tuna masu jegon da ta kai wa farfesu. Kunya ta kama ta.

Ta ce, "Ni ce, ranka ya daɗe. Ko kusa ba ka kamo ni ba."

"To, don me ni ake jifa?"

"Don ni nake ciyar da su, ni nake jinyarsu in sun kamu da mura. Amma ban ce na fi ka gaskiya ba. Wannan da nake nema dai ba na ci ba ne, ɗana ne."

Muzuru ya lumshe ido, ya janye wutsiyarsa daga hanya. Ya ce, "Wuce. Ke ce ta farko da ba ta ce ni ne ba."

Da azahar ta iso wani kogi wanda ruwansa ke gudu yana hawa tudu. A bakinsa ga Kura da malafa a ka, ta dafa wata ƙatuwar gorar fito.

Kura ta ce, "Maraba da tsohuwa mai ƙashi da yawa, nama kaɗan. Ni ce mai fito a nan. Ba na karɓar komai sai abu guda. Ki koya mini kiran da matan ƙauyenku suke yi wa awaki da yamma, wanda in sun ji suke tahowa da gudu. Ki koya mini sau ɗaya, in ƙetare da ke ko ƙafarki ba ta jiƙa ba."

Tasalla ta ce, "In koya miki, ki tsaya bayan gari ki kira awakin mutane su kawo kansu bakinki?"

"Ina ruwanki? Ke ba ki da akuya."

"Maƙwabciyata tana da guda, da nonon ta take shayar da jikanta. Riƙe gorarki."

Ta ɗora kwando a ka, ta ɗaure zani tam, ta yi bisimilla ta shiga ruwa. Tsohuwar da ko rafi ba ta taɓa iyo a ciki ba! Ruwa ya kama gwiwa, ya kama ƙugu, ya kama wuya. Ƙafarta ta bar ƙasa. Ta sha ɗaya, ta sha biyu, amma hannunta bai saki kwandon ba. Sai ta ji haƙora sun cafki zaninta ta baya. Ta ce shi ke nan, kwana ya ƙare. Ashe jan ta ake yi. Kura ta tsallakar da ita ta yar a kan yashi, tana haki, malafa ta tafi da ruwa.

Kura ta ce, "Shekara ɗari ina fito a nan, kowa ya zo sai ya sayar mini da maƙwabtansa. Ban taɓa ganin mai taurin kai irinki ba. Tashi ki tafi tun ban tuna ina jin yunwa ba."

Da la'asar ta iso gindin Dutsen Shawagi. Sumul yake kamar bayan tulu, ba matakala, ba wurin dafawa, kansa kuma ya shige cikin gajimare. Tana tsaye tana tunanin yadda za ta yi, sai ga Guguwa ta taso tana juyi, da busassun ganye da ƙura. Daga cikinta wata murya ta fito.

"Ya ke mai tafiya da ƙafa biyu da sanda, me kika zo ɗauka a gidan masu fiffike?"

Ta ce, "Ɗan tsakona aka sace, ya ke mai juyi. Shi na zo ɗauka."

Guguwa ta zagaye ta sau uku, ta ce, "Zan ɗauke ki, amma kin yi nauyi da abu ɗaya. Ajiye guda cikin kayanki."

Tasalla ta dubi ƙullin abincinsa, ta dubi kwando da tukunya, ta dubi sandar da take dogarawa tun da gwiwa ta fara ba ta wahala. Can sama masu farata ne, ba ta da abin kare kai sai ita. Ta jingine ta jikin dutse. Kafin ta gyara tsayuwa ta ji ta a sama, tana ta salati, ɗankwali a hannu.

Tabɗi! A kan dutsen nan gari ne guda. Sheƙuna manya-manya kamar ɗakuna, jere bisa jere, an gina su da duk abin da ya taɓa ɓata a shanya: tsummoki, zare, hular yara, igiyar guga. Har wani ɗankwalinta da ya ɓace shekara bakwai ta hango a jikin wata sheƙa, ta yi ƙwafa ta wuce. Jama'ar shirwa suka yi cincirindo a kanta, kowacce da jan ido, amma ba wadda ta taɓa ta. Suka raka ta har gaban wata mace doguwa, sanye da mayafin farin gashin tsuntsu, idanunta rawaya, yatsunta da farata. Ita ce Magajiyar Sama, sarauniyar wurin.

Tasalla ta durƙusa da ƙyar. "Allah ya ja zamaninki. Na zo karɓar ɗana."

Magajiya ta ce, "Ɗanki? Ya ke 'yar Adam, saurara. Ranar da muke ƙaura zuwa wannan dutse, gaggafa ta kawo mini hari, ƙwaina ya suɓuce daga ƙafata. Shi kaɗai gare ni. Kwana arba'in ina shawagi bisa gidanki. Jikina yana gaya mini yana nan, idona bai gan shi ba, sai shuɗayen abubuwa suna gudu. Ina kiransa, ke kina buga mini kwano."

Sai yanzu Tasalla ta gane. Ashe kukan nan da ta riƙa kora, kiran ɗa ne.

Magajiya ta ce, "Taso ki ga aikin hannunki."

Ta kai ta bayan wata sheƙa. Can cikin wani tsagin dutse, ga Tsintau a takure, kansa duk sara, gashin wuyansa a fige. Allah sarki, ya rame har ƙashin ƙirjinsa ya fito. Inuwar Magajiya tana faɗawa kansa ya ƙara cusa kai cikin tsagin yana rawa.

Magajiya ta ce, "Kin gani? 'Ya'yan jama'ata suna saransa don launinsa ba nasu ba ne. Na wanke shi da raɓa, na wanke shi da ruwan gajimare, shunin bai fita ba. Na kawo masa nama, ya ƙi. Duk wannan da sauƙi. Ɗana yana gudun inuwata."

Tasalla ta tsuguna ta miƙa hannu. Ba ta ma yi magana ba. Ya leƙo, ya fito da gudu yana tangaɗi, ya shige cikin zaninta ya yi lamo. Ta kwance ƙulli ta ba shi gara, ya riƙa ci kamar zai haɗa da yatsunta. Tana ba shi tana kuka, tana ce masa, "Sannu, sannu, ci a hankali, ga ni nan."

Magajiya ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "Ɗauke shi. Gara ya rayu yana kaza a gidanki da ya mutu yana ɗana a nan. Ba mai tare ki."

Tasalla ba ta jira an maimaita ba. Ta sa shi cikin kwando ta rufe da ɗankwali, ta miƙe, farin ciki kamar ya kashe ta. Ta yi taku ɗaya, ta yi biyu, ta yi uku. Bayanta shiru. Ba kuka, ba magana. To, irin shirun nan ta san shi, sau uku ta yi shi da kanta a bakin ƙofa, lokacin da maza suka fita da abin da ta goya. Kuma maganar Jatau ta faɗo mata: faratan nan za su girma, wata rana za a kira mai baka. Ta kare shi daga muzuru, ta kare shi daga shirwa, amma wa zai kare shi daga mutanen Ɗorawa Uku? Ta tsaya. Wallahi ba ta so ta juyo ba, amma ta juyo.

Ta ce, "Allah ya ja zamaninki, ni na ɓata, ki bar ni in gyara. Shuni ba ya wankuwa, sai dai gashin ya zube sabo ya fito. Kafin nan, a tara mini duk 'ya'yan garin nan, a kawo mini ruwa."

"Me za ki yi musu?"

"Abin da na iya. In kowa ya zama shuɗi, wa za a sara?"

Kai, ka ji hayaniya! Iyaye suka tashi fuu, suna cewa ba mai taɓa musu 'ya'ya da ruwan 'yan Adam. Wata har ta kawo mata wafta a ka. Sai Magajiya ta ɗaga hannu, wuri ya yi tsit. Ta girgiza, mayafinta ya zama fiffike, ta koma farar shirwar nan. Ta tako gaban tukunya ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Fara da ni."

Tasalla ta dama shuni, ta shafe sarauniyar masu farata tun daga ka har jela, kamar yadda take yi wa 'yan tsakin maƙwabta. Da iyaye suka ga haka, sai kowacce ta turo nata. 'Yar tukunyar nan da ko kaji ashirin ba ta isa ba, ba ta ƙare ba sai da aka tsoma na ƙarshe. Kafin rana ta faɗi, dutsen ya cika da shuɗayen 'ya'yan shirwa suna kallon juna suna atishawa. Aka saki Tsintau cikinsu, ba wanda ya ko waiwaye shi.

Saura abinci da tsoro. Tasalla ta ce a bar kawo masa nama tukuna, a nemo gara, ai ita kaza na ci, shirwa na ci. Ranar farko a tafin hannunta ya ci, uwarsa tana nesa. Rana ta biyu uwar ta matso. Rana ta uku Tasalla ta ɗora hannunta ƙarƙashin bakin uwar, garar tana zubowa daga bakin zuwa tafin. Rana ta huɗu ta zare hannun a hankali, shi bai ma lura ba, ya ci gaba da karɓa daga bakin uwarsa. Magajiya ta ɗago ta dube ta, idanun nan rawaya sun cika da ruwa. Tasalla ta yi murna, kuma ta ji kishi ya soke ta, ba ta ɓoye wa kanta ba.

Kullum da hantsi kuma sai ta zaunar da shi a cinya ta dafa bayansa, Magajiya ta tashi ta gitta ta kansu. Inuwa na zuwa zai zabura, ita kuma ta riƙe shi tana cewa, "Tsaya, ɗan nan, tsaya. Ni na koya maka gudu, ƙarya na koya maka. Uwarka ce." Ranar farko har ya yage mata hannu. Rana ta shida inuwa ta wuce, ya ɗaga kai ya bi ta da kallo.

Rana ta bakwai ita ce ranar tashin 'ya'ya. Aka jera su a bakin dutse, ƙasa ba a ko hango ta sai hazo. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa faɗawa, iska ta tallabe su, sama ta cika da shuɗayen fukafukai. Tsintau fa? Yana bayan Tasalla yana tonon ƙasa da ƙafa, abinsa na kaji. Ta matsa, ya matsa. Ta ɓuya bayan sheƙa, ya nemo ta.

Magajiya ta sauko kusa da ita ta ce, "A wurinmu ba a tura ɗa, da kansa yake faɗawa. Wanda bai tashi yau ba, fiffikensa ya sandare, ba zai ƙara tashi ba. Nawa kuwa ba zai faɗa ba muddin yana ganin ƙafarki a ƙasa."

Tasalla ta dubi rana, ta fara karkata. Ta dubi Tsintau. Ya ɗago kai yana jiran ta zauna ya hau cinya.

Ta sunkuya ta ɗauke shi. Ya yi nauyi yanzu, ƙirjinsa ya ciko, zuciyarsa tana bugawa a tafin hannunta. Ta taka da shi zuwa bakin dutse, gwiwa na ciwo, ba sanda. Ya lafe a jikinta, ya sa kai ƙarƙashin haɓarta, don bai taɓa sanin hannun nan da wani abu ba sai alheri. Ta tofa masa addu'a a ka, ta shafa bayansa sau uku.

Ta ce, "Tsintau, ka yafe mini. Ina son ka, ka ji? Ina son ka."

Ta cilla shi.

Ya tafi ƙasa kamar dunƙulen zare, yana juyawa, yana kukan da yake yi in yana neman ta. Tasalla ta ƙwalla ƙara, ta kusa bin sa. Magajiya ta kife ta bi bayansa, amma ba ta cafe shi ba, gefensa kawai ta riƙa bi tana kira. Hazo ya haɗiye su. Shiru, shiru, har tsohuwa ta fara cewa ta kashe shi da hannunta.

Sai ga abu biyu sun ɓullo daga cikin hazon, babba da ƙarami. Ƙaramin yana tangal-tangal, fiffike ɗaya na rigan ɗaya, amma sama yake yi. Ya wuce bakin dutse, ya wuce kanta, ya zagayo sau ɗaya yana leƙen ta. Ta cije leɓe, ba ta kira shi ba. Uwarsa ta yi kuka daga can sama, ya karkata ya bi ta.

Ta daɗe a tsaye da hannuwanta a miƙe, ta manta ba ta sauke su ba. Daga baya ta ɗauki kwandonta ta nufi inda aka sauke ta. Guguwa ta taso ta zagaye ta, ta leƙa cikin kwandon.

Ta ce, "Ya ke 'yar Adam, kwandonki wayam. Ina abin da kika hau ɗaukowa?"

Tasalla ta share ido da bayan hannu, shuni ya ɓata mata fuska. Ta nuna sama da yatsa.

Ta ce, "Ga shi can. Wancan na gefen hagu, mai karkacewa. Ɗana ne. Dakata kaɗan, kada ki ɗauke ni tukuna, bari in ga ya daidaita."